Kafin a fitar da matsakaici, a jera lambobin tukuna

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon malamin lissafi ne. Shekara 35 na yi riƙe da alli a makarantun sakandare kafin in ajiye aiki, kuma har gobe in na ga lambobi a zube ba tsari, hankalina ba ya kwanciya sai na jera su.

Jikana ne ya taso da maganar, ɗan aji huɗu na sakandare. Makon jiya bayan sallar isha'i ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma da littafinsa, an ba su aikin gida a darasin ƙididdiga. Lambobi 30 aka rubuto musu, aka ce su fitar da matsakaici. Yaron ya haddace ƙa'idar da Turanci tsaf. Ya tara, ya raba, ya samu amsa, amsar kuma daidai take. Sai na ce masa, "To abokina, waɗannan lambobin me suke gaya maka? A ina suka taru? A ina suka yi ƙaranci? Akwai wanda ya fita daban?" Ya dube ni ya ce, "Kaka, ai ba a tambaye mu wannan ba." Yana da gaskiya, ba a tambaye su ba. Ni ma na yi shekaru ban taɓa yi wa ɗalibaina irin wannan tambaya ba, sai da wani abu ya same ni wanda nake so in ba masu karatu labarinsa.

Wata shekara ina koyar da aji biyar, ɗalibai 40 ne a hannuna. Ƙarshen zangon farko na yi musu jarrabawa, na gyara takardu, na shigar da maki a rajista bisa jerin sunayensu. Tsohon littafin yana nan a akwatina, ga makin yadda na rubuta shi a wancan lokaci:

65, 28, 71, 33, 80, 24, 62, 35, 15, 74
30, 68, 46, 26, 77, 32, 90, 21, 60, 38
73, 29, 55, 35, 66, 83, 18, 70, 37, 64
23, 75, 41, 69, 26, 82, 32, 63, 53, 71

Duk wanda ya kalli wannan ba abin da zai gani sai tarin lambobi, kamar hatsin da aka sussuka ba a sheƙe ba. Na tara su, suka ba ni 2,040. Na raba gida 40, na samu 51. Na rubuta a rahoton da ake kai wa shugaban makaranta cewa matsakaicin ajina 51 ne, ba yabo ba fallasa. Ya sa hannu, na sa hannu, aka rufe fayil.

Bayan kwana uku da raba sakamako, wani dattijo manomi ya zo mini har gida a kan kekensa. Muka gaisa, na kawo masa ruwa, ya sha, ya yi hamdala, sannan ya ce, "Malam, an ce ajinka ya yi ƙoƙari bana. To me ya sa nawa yaron, da na maƙwabcina, da na ƙanena, duk suka dawo da jan biro?" Na ba shi haƙuri, na ce yara ne ba sa mai da hankali. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya kyauta," ya hau kekensa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ruwa ba ya tsami banza. Yara uku daga ƙauye ɗaya, duk a ƙasa, ba zai zama haka kawai ba.

A daren na kunna fitila, na ɗauko rajista da fallen takarda. Abin da na fara yi shi ne jadawalin da nake koya wa yara a aji amma ban taɓa yi wa kaina ba, wanda nake kira jadawalin "sau nawa". Na raba makin rukuni-rukuni, goma-goma. Sai na bi rajista daga sama, kowane maki na karanta in ja masa sanda ɗaya a gaban rukuninsa, in sanda ta kai huɗu in gicciya ta biyar a kansu ta zama dami. Da na gama na ƙirga:

10 zuwa 19: ɗalibai 2
20 zuwa 29: ɗalibai 7
30 zuwa 39: ɗalibai 8
40 zuwa 49: ɗalibai 2
50 zuwa 59: ɗalibai 2
60 zuwa 69: ɗalibai 8
70 zuwa 79: ɗalibai 7
80 zuwa 89: ɗalibai 3
90 zuwa 99: ɗalibi 1

Na haɗa jimla ta ba ni 40 cif, alamar ban tsallake kowa ba, ban kuma ƙirga wani sau biyu ba. Tun a nan gabana ya faɗi. Amma don in ga abin sosai sai na sake jera su ta hanya ta biyu, wadda nake kira kara da ganye, saboda kamarta da karan dawa mai ganye yana fita ta gefe. Na ja layi a tsaye. A hagunsa na rubuta lambar farko ta kowane maki, wato gidan gomomi, daga 1 zuwa 9, wannan shi ne kara. A damansa na rubuta lambar ƙarshe, ita ce ganye. Wanda ya ci 65, karansa 6, ganyensa 5. Wanda ya ci 28, karansa 2, ganyensa 8. Bayan na gama zubawa sai na sake kwafewa, na jera ganyen kowane kara daga ƙarami zuwa babba:

1 | 5 8
2 | 1 3 4 6 6 8 9
3 | 0 2 2 3 5 5 7 8
4 | 1 6
5 | 3 5
6 | 0 2 3 4 5 6 8 9
7 | 0 1 1 3 4 5 7
8 | 0 2 3
9 | 0

(3 | 5 na nufin maki 35)

Edita, ina roƙon duk mai karanta wannan wasiƙa ya karkatar da jaridar ko wayarsa ta gefe ya dubi wannan jeri. Tudu biyu ne da kwari a tsakaninsu. Ɗalibai 17 suna ƙasa da 40, ɗalibai 19 suna daga 60 zuwa sama, a tsakiya kuwa, daga 40 zuwa 59, huɗu ne kacal. Babu ko mutum ɗaya da ya ci 51 ɗin da na rubuta wa shugaban makaranta. Ko da na nemi makin da ke tsakiyar jerin, tsakanin na 20 da na 21, wato 53 da 55, abin da zan samu 54 ne, shi ma a cikin kwarin ya faɗa. Ashe ba aji ɗaya nake koyarwa ba, aji biyu ne a ɗaki ɗaya. Zango guda cur ina shirya darasi don wani yaro mai matsakaicin fahimta wanda babu shi a ajin. Rabin yaran sun gane tun a misalin farko suna hamma, rabin kuma an bar su a baya tun a makon biyu, ni kuma na yi musu kuɗin goro.

Amfanin kara da ganye shi ne ba ya haɗiye makin kowa. Jadawalin farko ya gaya mini mutum 8 ne tsakanin 30 da 39, amma bai gaya mini ko sun fi kusa da 30 ko da 39 ba. Na biyun kuwa ya ajiye mini kowane maki yadda yake, don haka na iya komawa rajista na nemo sunan mai kowane ganye. Na fitar da sunaye 17 ɗin nan na ƙasa, na rubuta inda kowa yake zaune a gaban sunansa. Guda 13 daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, wasu a ƙafa, wasu goyon keke. Sai na duba jadawalin darussa na makaranta. Lissafi ne darasin farko a ajin, ƙarfe takwas na safe, kwana uku a mako. Zangon farko kuma shi ne yake haɗuwa da kaka, lokacin girbin masara da tsinkar auduga a yankinmu, yaro sai ya leƙa gona da asuba kafin ya kamo hanya. In ya iso a makare sai a tare shi a bakin ƙofa, a sa shi tsintar leda ko yankan ciyawa har darasin farko ya wuce. An hukunta shi sau biyu ke nan, ya sha rana, ya kuma rasa karatu. Ni kuma ina ciki ina rubutu a allo, ban taɓa ɗaga kai na ƙirga bencin da ba kowa ba.

Washegari na kai wa shugaban makaranta takardar nan. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Bai karanta lissafi ba, malamin tarihi ne, amma bai yi minti biyu yana kallonta ba ya ce, "Malam, wannan ai ba ya buƙatar bayani." Gani ya kori ji. Aka mayar da lissafin ajin bayan an dawo daga tara. Ba zan ce komai ya gyaru ba, don wasu malaman ba su ji daɗin canjin ba, kuma sauran yara huɗun matsalarsu daban ce, ɗaya ma ashe ba ya ganin allo daga baya, sai da aka dawo da shi gaba. Amma da na sake jera makin zango na biyu, kwarin nan na tsakiya ya fara cikewa. Na nemi dattijon nan a kasuwa na ba shi haƙuri a kan amsar da na ba shi.

Wannan dabara ta kara da ganye ba tawa ba ce. Wanda ya yaɗa ta wani masanin ƙididdiga ne na Amurka, John Tukey, wanda ya koyar a Jami'ar Princeton, ya rasu a shekarar 2000. A littafin da ya fitar a 1977 ya dage a kan cewa mai bincike ya fara kallon lambobinsa da ido, da fensir da takarda, kafin ya ɗora musu manyan ƙa'idoji. Abin da ya burge ni game da shi ke nan: mutum ne da ya yi aiki da kwamfuta tun farkon fitowarta, amma bai raina fensir ba. A tashoshin jirgin ƙasa na Japan ma da irin wannan tsari ake rubuta lokutan tashin jirage, awa a matsayin kara, mintoci a matsayin ganye, mutum na kallo zai san da wane lokaci jirage suka fi yawa.

Sai dai kowace hanya da inda ta dace. Kara da ganye na lambobi kaɗan ne, daga kamar ashirin zuwa ɗari da 'yan kai. In suka kai dubbai, takarda ba za ta ɗauka ba, dole a koma jadawalin rukuni. Shi kuma jadawalin yana da ramukan da na ga ɗalibai, har da malamai, suna faɗawa shekara da shekaru. Mafi yawa shi ne a rubuta 10 zuwa 20, sannan 20 zuwa 30. To wanda ya ci 20 ina za a kai shi? Wani ya sa shi sama, wani ya sa shi ƙasa, wani ya sa shi duka biyun, jimla ta ƙi fita. Na biyu shi ne yawan rukuni. Da na raba makin ajina gida biyu kawai, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, da ban ga kwarin nan ba. Da kuma na yi rukuni talatin, da kowane gida mutum ɗaya ko biyu ne, na koma gidan jiya. Tsakanin biyar zuwa goma sha biyar shi ne ya fi yi mini aiki.

Na uku kuma, wanda aka fi sakaci da shi, faɗin rukuni ne. A dubi ma'aunin da makarantunmu ke bi a kan salon WAEC. B2 daga 70 zuwa 74 ne, faɗin maki biyar. C6 daga 50 zuwa 54, shi ma biyar. Amma F9 daga 39 ne har ƙasa, faɗin maki arba'in. Don bayar da shaida wannan ba laifi, amma malamin da ya tsaya a kansa don ya san ajinsa ya yaudari kansa. A ajina wanda ya ci 38 da wanda ya ci 15 duk F9 ne, alhali na farko tambaya ɗaya ta rage masa ya tsallake, na biyu kuwa sai an koma da shi tushe. Ba magani ɗaya suke buƙata ba.

Kada a ɗauka maganar makaranta ce kawai. 'Yata ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti. Kwanakin baya ta zo gida tana cewa an ce su kawo rahoton nauyin jariran da aka haifa a wata, ita kuma ba ta san yadda za ta taƙaita shi ba. Na ce ta kwafo mini nauyin kawai, ban da sunan kowa. Jarirai 22 ne. Muka zauna a tsakar gida muka jera, kilo a matsayin kara, abin da ya biyo bayan ɗigo a matsayin ganye:

2 | 0 5 5 5 5 5 5 8
3 | 0 0 0 0 0 0 0 0 2 5 5 5 5
4 | 0

(2 | 5 na nufin kilo 2.5)

Na ce mata, "Dubi ganyen nan da kyau." Ta duba, ta ce, "Baba, sifili da biyar ne kusan duka." Ashirin cikin 22. Jarirai ba sa zuwa duniya da rabin kilo rabin kilo. In da ana rubuta abin da sikeli ya nuna, da lambar ƙarshe ta warwatsu tsakanin sifili da tara, waɗanda za su ƙare da sifili ko biyar ba za su wuce huɗu ko biyar ba. Abin da ke faruwa shi ne sikelin tsoho ne mai allura, haihuwar dare da tocila ake karɓarta, ma'aikaciya ɗaya ga mata uku, sai ta ɗora jariri ta ga allura ta doshi biyu da rabi, ta rubuta 2.5 ta juya ga uwar. Ban ga laifinta ba, na san halin da suke aiki a ciki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye iyaka a kilo 2.5 daidai: jaririn da bai kai haka ba shi ne mai ƙarancin nauyi, wanda ke buƙatar a ƙara sa masa ido, a ɗumama shi, a kula da shan nononsa. Jarirai shida ne aka rubuta musu 2.5 a wannan watan. Wa ya san nawa ne a cikinsu 2.3 ko 2.4, aka sallame su a matsayin lafiyayyu? Matsakaici ba zai taɓa nuna wannan ba. Jadawalin rukuni ma ba zai nuna ba, don zai haɗiye lambar ƙarshe. Kara da ganye ne kaɗai ya tona shi, a kan fallen takarda, cikin minti goma. 'Yata ta koma ta nuna wa abokan aikinta, suka yi shawarar su riƙa dakatawa allura ta tsaya kafin su rubuta.

Haka abin yake a shekarun haihuwa. A tambayi mutanenmu shekarunsu, za a ji 30, 35, 40, 50, da wuya a ji 37 ko 43, saboda da yawanmu ba a rubuta ranar haihuwarmu ba, kintace ake yi. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin wannan cunkoso a kan sifili da biyar, har suna da hanyar auna shi. Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, aka shirya wata a 2023 aka ɗage, ba ta da abin dogaro da ya wuce waɗannan ƙananan rajistoci na asibiti da makaranta da ofishin ƙaramar hukuma. Su kuma suna can jibge a kabad, ƙura da gara suna ci, ana cika su ne don mai duba aiki ya gani, ba don wani ya zauna ya karanta ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake gabatar wa yaranmu wannan ilimi kamar baƙon abu da ya sauko daga jirgi. Matar da mai garuwa ke kawo wa ruwa, tana jan layi da gawayi a bangon zaure duk zuwa ɗaya, ranar Juma'a ta ƙirga ta biya, jadawalin "sau nawa" take yi. Ɗan kamashon da ke tsaye a bayan tirela yana jan sanda a kwali duk buhun da aka ɗora, shi yake yi. Alaramman da zai gaya maka sau nawa wata kalma ta zo a Alƙur'ani da wasali kaza, da wuraren da ta zo, kansa cike yake da irin wannan ƙirga. Tun a ƙarni na 9 Yaƙubu bn Is'haƙ al-Kindi ya rubuta a Bagadaza cewa in kana so ka warware wasiƙar da aka ɓoye da alamomi, ka ƙirga sau nawa kowace alama ta fito, ka kwatanta da yadda haruffa ke yawaita a harshen, inda a Larabci alif da lam suka fi kowanne. Da wannan ƙirgar aka yi ɗaruruwan shekaru ana fasa sirrin sarakuna. A Landan a 1854, lokacin annobar amai da gudawa a unguwar Soho, likita John Snow bai da maganin cutar. Ƙirga mamata ya yi gida-gida, ya ja wa kowanne layi a taswira, ya ga sun taru a kewayen famfo ɗaya na titin Broad, aka cire hannun famfon. Mu da wannan cuta ke ziyarta kusan duk damina, wane ma'aikacin lafiya ne a mazaɓa ba zai iya jan irin wannan layi ba, unguwa-unguwa, rijiya-rijiya?

Don haka nake kira ga 'yan'uwana malamai da ke bakin aiki. Na san manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, ajin da na riƙe mai mutum 40 yanzu a wasu wuraren ya haura ɗari. Duk da haka kada a fara wannan darasi da lambobin da ke cikin littafi. A sa yara su kawo nasu. Kowa ya faɗi minti nawa yake yi daga gida zuwa makaranta, ko mutum nawa ne ke ci daga tukunyar gidansu, ko lambar takalminsa. A zuba a allo yadda suka zo, a bar su su ga rikicin da idonsu, sannan a ja layi a tsaye, kowane yaro ya taso ya rubuta ganyensa da hannunsa. In ana so a kwatanta kashi biyu, kamar 'yan cikin gari da 'yan ƙauye, sai a sa kara a tsakiya, ganyen waɗannan a dama, na waɗancan a hagu. A yi bayanin da Hausa har su gane, Turancin jarrabawa ya biyo baya, ba zai gagare su ba. Na gwada wannan shekaru da yawa bayan abin da ya faru da ni, kuma yaran da ba sa buɗe baki a darasin lissafi su ne suke fara cewa, "Malam, me ya sa nan ba kowa?" Shugabannin makarantu kuma, in malami ya kawo muku matsakaicin aji, ku ce ya haɗo da jerin. Ba zai ci masa rabin awa ba.

Kai ma Edita ina da ƙorafi a gare ka, cikin girmamawa. Sau da yawa nakan karanta a jaridu cewa buhun masara ya kai naira kaza, ko kashi kaza cikin ɗari na ɗalibai sun ci jarrabawa, lamba ɗaya tilo. Manomin da ke shirin kai kayansa kasuwa ba lamba ɗaya yake buƙata ba. Yana so ya san nawa aka sayar a Dawanau, nawa a Funtuwa, nawa a Ɗandume, kuma a kasuwa ɗaya ma 'yan kasuwa nawa ne suka saya a sama, nawa a ƙasa. In wakilinka ya tambayi dillalai goma sha biyar, ya rubuto mana abin da kowa ya faɗa a ɗan jadawali mai layi biyar, fili kaɗan zai ci, kuma mai karatu zai ga da kansa ko farashin ya tsaya wuri ɗaya ko kuwa kasuwar a rabe take. Haka sakamakon jarrabawa: kashin da aka faɗa na jiha gaba ɗaya yana iya zama irin 51 ɗina, makarantun birni a tudu ɗaya, na karkara a ɗaya tudun.

Jikan nawa dai a daren na sa shi ya sake ɗauko lambobinsa 30, muka jera su tare. Shi da kansa ya gano cewa akwai guda ɗaya da ta yi nisa da sauran, kuma ita ce ta ja matsakaicin sama. Yanzu na ba shi wani aikin: kullum ya rubuta awa nawa muka samu wuta a gidan, har kwana 30. Ya liƙa takardar a bayan ƙofar ɗakina, yau kwana shida ke nan bai tsallake ba. In wata ya cika za mu ja layi mu zuba ganye, kuma in ka ba mu fili, zan aiko maka da abin da muka gani.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin lissafi,
Funtuwa, Jihar Katsina.